Ranar da Na Rufe Burauzar Akawun Aliero

Har yau idan na shafa bayan kunnena na hagu ina jin wani ɗan tudu kamar ƙwayar dawa. Inna tana gaya wa mutane da shi aka haife ni. Ba haka ba ne. Albasar Aliero ce ta yi mini shi bara, kuma na san hannun da ya jefo ta.

Yayana shi ke kula da kwamfutocin wani Alhaji mai fataucin albasa da hatsi. Ofis uku gare shi: babba a Jega, ƙarami a Maiyama, sai na Aliero inda ake lodin albasa zuwa Kudu. Kwamfuta goma sha ɗaya ce duka duka, amma in ka ji Yaya yana zancensu sai ka rantse garken shanu dubu yake kora. Dukansu a ɗaure suke da wata babba da ke ƙuryar ofishin Jega, wadda yake kira uwar garke. Abin da uwar garke ta ce, shi sauran suke yi, ko suna so ko ba sa so. Da aka yi hutun makaranta, Inna ta ce na ishe ta, ta haɗa ni da Yaya ko na koyi wani abu ban da ɗaure wa awakin maƙwabta gwangwani a wutsiya.

Duk aikin ofisoshin nan a burauza ake yin sa, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Masu ƙera ta kuwa ba sa barci. Yau su ce sun toshe wata kafa da ɓarayi ke shigowa, kafin ka kurkure baki sun sake fito da wata sabuwa. Yaya ba ya barin kowace kwamfuta ta je ta ɗebo sabuwar da kanta, don wata tana zuwa da rigima. Sai ya sauke ta sau ɗaya a Jega, ya naɗe ta tare da saitin kamfani: shafin da za ta fara buɗewa, da shafukan da aka haramta, waɗanda ƙwallo da dambe ke ciki, Allah ya isa. Wannan naɗin shi yake kira ƙunshi.

Ƙunshi yana da hanyar da yake bi, kuma Yaya ya nanata mini ita har na iya ta fiye da karatun sallah. Da farko a zuba shi a cikin Tsohuwa, wata kwamfuta mai tari da ba ta da amfanin komai sai gwaji. In ta kwana lafiya, a tura Maiyama, don can mutum biyu ne kawai, kuma masu haƙuri. Sannan Jega. Aliero ita ce ta ƙarshe, kuma ko da wasa ba a taɓa ta lokacin lodi.

Akwai wani abu guda kuma. Sabuwar burauza ba ta fara aiki sai an rufe tsohuwar an sake buɗewa. Saboda haka a cikin ƙunshin akwai wani gurbi inda ake rubuta wa'adi: tsawon lokacin da za a yi wa mutum kawaici ya rufe da kansa, kafin kwamfutar ta rufe masa da ƙarfin tsiya. Kwana uku Yaya yake rubutawa, kuma saboda mutum ɗaya yake yi, akawun Aliero.

Malam akawu dattijo ne mai gilashi a kan karan hanci, kuma a wurinsa rufe burauza daidai yake da rufe kabari. Shi ke riƙe da layin lodi. Duk motar da ta shigo fili, sai ya rubuta lambarta a wani shafi, ta farko, ta biyu, ta uku, a haka za a yi musu lodi. To sabis ɗin intanet na filin nan ya fi hawainiya nawa. In ya danna maɓallin ajiyewa, sai abin ya yi ta juyi har mutum ya yi gemu. Don haka malam akawu ya ƙirƙiro tasa dabarar: ya yi ta rubutawa tun safe bai ajiye ba, sai la'asar ya danna sau ɗaya ya tafi alwala. Yaya ya yi magana har ya gaji.

Shi kuwa direban albasa, zai iya yafe maka zagin kakansa, amma ba zai yafe maka layinsa ba. Wanda aka fara yi wa lodi shi ke fara kama hanya, albasa kuma ba ta jiran kowa, ruɓewa take.

Wata biyu kafin abin ya faru, na'urar buga takarda ta taɓa tsayar da lodi rabin yini. A gabana Alhaji ya nuna Yaya da carbi ya ce, "In anka sake tsai da man lodi sabadda injin ga naka, akwai wani yaro Birnin Kebbi da ad damuna da roƙon aikin ga. Ka ji ko?" Yaya ya ce ya ji. Ni ma na ji. Na kuma san tun da gwiwar Baba ta hana shi noma, da aikin nan ake ɗora tukunya a gidanmu. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani sarai.

Abin da ya ja ni dambe ne. An shirya shi ranar Juma'a da yamma a garin Kashin Zama, kuma Yaya ya yi mini alkawarin zai goya ni a babur. Mako biyu ina naushin buhun dusa a bayan gida don shiri, duk da ba ni zan shiga fili ba. Sai ranar Laraba ga sabuwar burauza ta fito, wai mai gaggawa ce. Yaya ya naɗa ƙunshi, ya zuba wa Tsohuwa, ya ce, "Babu inda za ni sai wanga ya shiga ko'ina."

Na ƙirga da yatsu. Alhamis Maiyama, Juma'a Jega, Asabar Aliero, sannan kwana ukun malam akawu. Kafin nan 'yan damben sun koma gida, raunukansu sun warke, wasu ma sun yi aure.

"Yaya, don mi ba a tura su gaba ɗai?"

"Don mi ba ka haɗiye tuwonka da kwano gaba ɗai?"

Ranar Alhamis da hantsi tayar baburinsa ta yi faci. Ya tura shi wurin mai gyara a bakin titi, ya ce mini in zauna in kalli Tsohuwa, in ta yi wani abu in kira shi. Ya manta bai kulle uwar garke ba.

Na kalli Tsohuwa. Lafiyarta lau, tana tarinta na kullum. Na kalli uwar garke. Wallahi ita ta fara kallona.

Na zauna a kujerar Yaya, na gyara wuyan riga. Ga sunayen garuruwan nan uku a jere, kowanne da ɗan akwatinsa. Na sa wa Maiyama alama, wannan ai ko Yaya zai yi. Na sa wa Jega, tun da gobe ma za a yi, mene ne bambancin yau da gobe? Da na zo kan Aliero hannuna ya ɗan tsaya, sai na tuna kiɗan kalangu, na sa. Saura wa'adi. Na ce in na bar kwana uku, dattijon nan zai cinye su tas. Na goge. Na so in rubuta awa ɗaya, sai na ga tsawonta. Na rubuta minti biyu. Na yi bisimilla, don ni ba ɗan iska ba ne, na danna.

Minti na farko na yi shi ina tunanin yadda Yaya zai rungume ni ya ce ashe ƙaninsa injiniya ne.

A minti na uku sakatariyar ofis ta ƙwalla ƙara daga ɗakin gaba, wasiƙar da take rubutawa ta ɓace. An gama gyaran tayar, Yaya ya shigo da hannu duk baƙin mai, wayarsa tana kuka. Ya ɗaga. Ko ni da ke nesa ina jin muryar malam akawu kamar an taka wa ɗan akuya wuya.

"Ta rufe! Ta rufe da kanta! Ni ban taɓa ta ba, na rantse da Allah!"

"Malam, kwantar da hankali. Ta sake buɗewa?"

"Ta buɗe, amma shafin fari fat! Mota goma sha tara, babu ko guda! Ga su nan sun taso!"

Daga bayansa aka ji wani abu ya fashe, wayar ta mutu.

Yaya ya duba uwar garke. Ya ga alamomi uku, ya ga minti biyu. Ya juyo ya dube ni. Na shirya wa mari, na ma karkata kuncin da na fi so a mara. Bai mare ni ba. Cewa kawai ya yi, "Hau babur."

Ban taɓa sanin Jega da Aliero suna kusa haka ba. Ina jin ƙafar baburin nan sau uku kawai ta taɓa kwalta.

Tun daga bakin ƙofar filin muka tarar da albasa tana yawo a sama kamar tsuntsaye. Direbobi goma sha tara, kowanne da yaran motarsa, kowanne kuma ya rantse shi ne na ɗaya. Wani yana juya sifana a sama. Wani ya cire bel ɗin inji yana zabga wa duk wanda ya gifta, har da nasa yaran. Mutum biyu sun kama juna suna birgima a cikin ruɓaɓɓiyar albasa, kowa yana neman kunnen ɗan'uwansa da haƙori. 'Yan dako, da ba su da mota ba su da layi, sun shiga don kada a bar su a baya. Kowa hawaye yake, ba ka sanin na duka ne ko na albasa. Tagar ofis ta zama gari. Malam akawu yana ƙarƙashin tebur ya rungume kwamfutarsa, gilashinsa ido ɗaya ya rage.

Gaskiya da farko dariya ta kama ni. Na ce a raina, ga dambe ya biyo ni har Aliero, babu ko kuɗin ƙofa.

Wanda ya fi kowa ɓarna wani ƙaton direba ne mai jar hula, wuyansa kamar turmi. Ya ɗaga wani ɗan siririn direba da hannu ɗaya yana girgiza shi.

"Ni kaka ce ma ka riga? Ni da nis shigo tun liman bai yi hamma ba?"

"Ƙarya kakai! Ina shan shayi kaz zo!"

"To amayo shayin!"

Yaya ya hau kan tarin buhuna ya ɗaga hannu biyu. Ya yi ta kira har wasu suka juyo.

"Ku saurara don Allah! Malam akawu ba shi da laifi. Daga Jega anka rufe mai injin. Kuskurena ne, ni nay yi."

Ban san mutum mai girman nan zai iya gudu haka ba. Mai jar hula ya yar da siririn, ya finciko Yaya daga kan buhuna ta wuyan riga, ya kai masa naushi a baki. Na ji ƙarar har cikin cikina. Yaya ya faɗi zaune. Kafin ya tashi mai bel ya zuba masa biyu a gadon baya, wani ya kai masa ƙafa a haƙarƙari. Farar rigarsa ta aiki, wadda yake gogewa da kansa kowace safiya, jini ya sauko mata har aljihu. Ya tofar da wani abu fari a ƙasa. Bai ko kalli inda nake ba.

Nan dariyata ta ƙare.

Na yi ihu, "Ni ne! Ba shi ne ba!" Babu wanda ya ji. Muryata a wurin nan kamar kukan sauro ce a cikin injin niƙa. Na duƙa na zaɓi albasa mafi girma, irin wadda ake ɗorawa a bakin buhu don a burge mai saye, na auna ƙeyar mai jar hula. Mako biyu na naushin buhun dusa bai tafi a banza ba. Hular ta yi sama.

Ya juyo a hankali.

"Ni nit taɓa injin!" na ce. "Yayana bai sani ba! In kai namiji ne ka zo!"

Wannan na ƙarshen ban san inda na samo shi ba, kuma na janye shi nan take, amma ya riga ya fita.

Na juya na zura. Albasar da ya rama da ita ta same ni a bayan kunne, na ga taurari da rana tsaka, har na gane wasu. Na faɗi, na rarrafa, na shige ƙarƙashin wata babbar mota. Ƙafafu suka kewaye ta. Wani yana zuro sanda ta dama, wani ta hagu, ni kuma ina tsakiya kamar ɓera a rami, jini yana bin wuyana. Na kwanta rigingine ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga bayi.

A nan kwance na ga rubutu. A jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin bodin motar, ta ciki inda mai tsaye ba zai gani ba, an rubuta bakwai da gawayi. Sabon rubutu ne, ko ƙura bai yi ba. Da sanda ta same ni a cinya na mirgina zuwa motar kusa. Ita ma akwai, sha biyu. Ta gaba, uku.

Mutum ɗaya ne a filin nan yake leƙa ƙarƙashin kowace mota in ta shigo: Baba maigadi. Tsoho ne tukuf, kuma duk wannan yaƙin yana zaune a kan bencinsa a bakin ƙofa yana ɓare goro.

Na fito da gudu. Bel ya same ni a kafaɗa, wani ya cafki rigata na bar masa ita. Na faɗa bayan Baba maigadi na ƙanƙame shi. Duk haukan direba ba ya dukan mai furfura, sai suka yi cirko-cirko suna huci.

"Baba, kai kar rubuta lamba ƙarƙashin motoci?"

"Awo."

"Ta layi ce?"

"To ta mi ce, ta waya?" Ya tauna goronsa. "Tun ba a haifi ubanku akawu da injinai ba nike yi. Mota ta shigo, in duƙa in duba, in sa mata lamba."

Malam akawu, da ya rarrafo daga ƙarƙashin tebur, ya ce, "Haba Baba! Kana kallo ana kashe mutane ba ka yi magana ba?"

"Wa yat tambaye ni? Kun ce injin ya san komi."

Aka ɗauko wani mahauci daga rumfar nama, tsohon ɗan dambe da babu wanda ke son gardama da shi, aka sa shi shaida. Ni aka tura ina shiga ƙarƙashin motoci ina karantowa, shi yana leƙawa yana tabbatarwa. Siririn direban nan shi ne na biyu. Da muka zo motar mai jar hula, na karanta a zuci, na sake karantawa don daɗi, sannan na fito na faɗa da ƙarfin da har Maiyama sai da aka ji.

"Sha ɗaya!"

Filin ya kwashe da dariya. Mutanen da ɗazu suke neman kunnen juna suka dafa kafaɗar juna suna nuna shi. Siririn ya ce, "Ashe limamin naku da hantsi shika hamma!" Mai jar hula ya tsinci hularsa ya kaɗe, ya shige motarsa ya rufe ƙofa.

Yaya ya tsaya a kan malam akawu da tsumma a baki. Lamba ɗaya, a danna ajiyewa, a jira ta gama juyi. Lamba ta biyu, a danna, a jira. Dattijon yana gunaguni, Yaya kuwa maɓallin kawai yake nuna masa da yatsa.

Ana lodin mota ta huɗu Alhaji ya iso. Ya dubi tagar, ya dubi albasar da aka tattake, ya dubi bakin Yaya. Nan take na tuna yaron Birnin Kebbi.

"Wa yay yi wanga aiki?"

Yaya ya cire tsumman. "Ni nib bar injin buɗe, Alhaji."

"Ni nid danna," na ce. "Shi kwana ukku yar rubuta. Ni nim maishe shi minti biyu."

"Don mi?"

Na so in yi ƙarya mai kyau, amma kunnena yana zafi, kaina bai kawo komai ba. "Don in tai kallon dambe."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Ya tambayi akawu ko lodin zai ƙare yau, aka ce masa zai ƙare kafin magariba. Ya kama kunnena, mai ciwon kuwa, ya murɗa har na tsaya a kan yatsun ƙafa.

"Kai," ya ce wa Yaya, yana riƙe da ni kamar zakaran sayarwa, "mutumin da ad ɗaukar naushi don akawuna, ba ni korar shi yau. Amma in na sake ganin inuwar wanga shaiɗani kusa da injina, kai da shi da injin duk ku nemi wani uban gida."

A gida Inna ta gasa wa Yaya baki da ruwan zafi, sannan ta ari wayar cajin kwamfutarsa. Ba zan faɗi abin da ta yi da ita ba, amma kwana uku a tsaye na ci tuwo, daidai wa'adin da na goge.

Rabin haƙorin Yaya na gaba yana can filin lodi. Yanzu in ya ce "sabuntawa" sai ka ji ɗan fito ya biyo baya. Abokansa suna yi masa dariya. Ni kaɗai ne ba na yi, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ranar Juma'ar ba mu je Kashin Zama ba. Da yamma yana zaune a tsakar gida da ƙaramar kwamfutarsa a cinya, yana duba garkensa daga nesa. Na lallaɓo ta baya na leƙa. Goma sha ɗaya, duk sun hau sabuwar burauza, har da ta malam akawu, abin da bai taɓa faruwa a yini ɗaya ba tun da aka kafa kamfanin.

Na yi ƙoƙarin yin shiru. Allah ya sani na yi ƙoƙari.

"Yaya, ka gani dai? Duk sun shiga."

Marin da ya riƙe tun a ofishin Jega, a nan ya ba ni shi.